Gadar Masu Zuwa Ta Sama

Wai a garin Marken Tudu an yi wani dattijo, Malam Korau, wanda kowa ke kira Heluma, domin shekara talatin da huɗu ya yi a aikin hanya, rabinsu yana shugabantar leburori. Tun zamanin En'e ya fara, yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka, ya gama yana riƙe da igiyar awo. A tsawon shekarun nan ilimi ɗaya ya samu wanda ba ya shakkarsa ko kaɗan: ba a gyara hanya don masu binta kullum, sai don wanda zai bi ta sau ɗaya. In kuna tafiya da shi a babban titin garin, sai ya riƙa nuna maka da sanda. Wannan kwaltar, daga tasha zuwa sakatariya, ta zuwan Gwamna ce. Wancan kwalbatin na zuwan Minista ne, shi ya sa rabi aka yi, don a nan motar Ministan ta juya. Duwatsun bakin hanya kuwa sun sha farar ƙasa sau goma sha tara, kowane shafi da sunan baƙonsa, kuma sha bakwai daga ciki shi Korau ne ya tsaya a kai.

Gidansa yana Unguwar Ƙetare, bayan Rafin Marke. Gadar da ta haɗa unguwar da gari ta karye damina goma sha ɗaya da suka wuce, ran wata Alhamis da hantsi, ta bar ginshiƙai biyu tsaye suna kallon juna, tsakaninsu ƙafa ashirin da biyu. Da rani ba wani abu, a gangara a bi yashi a haura. Da damina kuwa ruwa har ƙirji, zagaye kuma mil tara ne ta hanyar da ko jaki sai an lallashe shi. Asibiti yana cikin gari. Matar Korau, Tabawa, tana da ciwon suga, da wani gyambo a diddigen hagu da ake wanke mata kowace Talata. Ma'aikaciyar asibitin ta faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa ranar da ruwan rafi ya taɓa ƙafar nan, to, a fara shirin rabuwa da ita. Don haka kowace damina sai a cire ƙyauren zaure, a kwantar da Tabawa a kai, maza huɗu su ɗora a kafaɗa su ratsa da ita. Bara ɗayansu ya zame a tsakiyar ruwa, saura ƙiris. Da suka dawo gida ta ce, "Malam, na gama hawa ƙyauren nan. In ka sake ganina kwance a kafaɗar maza huɗu, to, ba asibiti za a kai ni ba."

Korau ya rubuta takardar koke sau ashirin da uku, kowace ya ajiye kwafinta a wata tsohuwar jakar fata. Amsa ɗaya ya taɓa samu, ita ma cewa aka yi an karɓi takardarsa mai kwanan wata kaza, kuma kwanan watan ba daidai aka rubuta ba. Daga nan ya daina roƙon Allah ya taɓa zuciyar hukuma. Abin da yake roƙo bayan kowace salla shi ne Allah ya kawo wa Unguwar Ƙetare babban baƙo.

Saura mako shida damina ta faɗi sai aka amsa masa, fiye ma da yadda ya roƙa.

Rediyo ta wayi gari da labarin cewa masana taurari sun karɓi saƙo daga wasu halittu na wata duniya, masu ilimin da in aka gwada da namu, to, mu ko aji ɗaya ba mu shiga ba. Sun koyi harsunan duniya duka cikin kwana uku ta hanyar sauraron gidajen rediyonmu, kuma duk da abin da suka ji, sun ce za su zo. Saƙon gajere ne. Ziyarar yini ɗaya za su yi. Ba za su sa hannu cikin al'amarin kowa ba sai an nema. Kuma duk abin da ya lalace sanadiyyar zuwansu, za su mayar da shi daidai yadda suka same shi.

Duniya kuwa ta nuna halinta. Manyan ƙasashe suka juya bakin makamansu sama, sa'an nan suka fitar da sanarwar maraba. Aka yi taron kwana tara a kan wanda zai fara miƙa hannu a gaisa, aka tashi ba wanda ya tambaya ko baƙin suna da hannu. A Marken Tudu ma ba a zauna haka nan ba. Malamai suka rabu gida biyu: wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce a'a, aljani ba ya aiko da sanarwa kafin ya zo. Samari suna ta tambaya ko jirgin baƙin zai ɗauki masu neman aiki in zai koma. Mato wanzami, abokin hirar Korau, wanda Bazazzagi ne, ya ce shi ba ya bukatar wani bincike, in baƙin suka sauka suka fara tambayar inda kasuwa take, to, Kanawa ne.

Bayan mako ɗaya saƙo na biyu ya iso. Baƙin sun duba doron ƙasa kaf suna neman shimfiɗaɗɗen fili inda babu turken lantarki, babu igiyar waya, babu ƙarar injin da zai dami na'urorinsu, kuma sun samu. Faƙon da ke bayan Unguwar Ƙetare ne.

Mato ya ajiye askarsa ya ce, "Heluma, ka ga amfanin haƙuri. Da sun kawo mana wutar nan da muke ta kuka a kai, da mun yi asarar baƙi."

Korau bai yi dariya ba. Tunani yake. In baƙi za su sauka a Ƙetare, dole manyan ƙasa su je tarbarsu, in za su je kuwa dole su haye rafi, kuma shi bai taɓa ganin babban mutum ya naɗe wando ba. Ya shiga gida da saurin da ya daɗe bai yi ba.

"Tabawa, bana a kan gada za ki haye."

Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa ya ce?"

"Aikin da na sani ne ya ce. Shekara talatin da huɗu bai taɓa saɓawa ba."

"To, Allah ya sa. Amma in za ka gyara ƙyauren zauren nan, kada ka buga masa ƙusa mai wuyar cira."

Ran Laraba aka kira taron Kwamitin Tarbar Baƙin Sama a sakatariya, ƙarƙashin shugaban ƙaramar hukuma, Ciyaman Alhaji Cindo, mutum mai yawan fara'a wanda bai taɓa taka Unguwar Ƙetare ba sai shekarar zaɓe, shi ma da rani. Korau ya sa kwat ɗinsa ta kaki, ya ɗauki jakar fatarsa da zanen gada da ya yi da fensir, ya samu benci na baya ya zauna.

Kwamitin ya haifi ƙananan kwamitoci goma sha huɗu kafin a gama addu'ar buɗe taro. Aka ɗauki awa biyu a kan launin anko, tsakanin shuɗi irin na sama da kore irin na ƙasa, shuɗi ya ci. Aka zo kan kyauta, aka tsayar da raguna goma sha biyu. Wani kansila ya ce in baƙin ba sa cin nama fa? Ciyaman ya ce kada wannan ya dame shi, ba za a rasa masu ci ba. Aka jera masu jawabi, mutum talatin da ɗaya, aka ware wa baƙin minti uku a ƙarshe, in lokaci ya bari. Maganar gada tana lamba ta ashirin da bakwai, ƙarƙashin sauran batutuwa. Da aka iso wurin, Korau ya miƙe ya warware zanensa.

"Ranka ya daɗe, tsakanin ginshiƙan nan ƙafa ashirin da biyu ne, kuma su ginshiƙan lafiyarsu lau, na duba su da kaina. In aka fara gobe, mako uku ya isa, siminti ya bushe kafin ruwa."

Ciyaman ya yi murmushi irin na mai magana da ƙaramin yaro. "Baba Heluma, kai tsohon ma'aikaci ne, bai kamata in koya maka aiki ba. Baƙo ta ina yake zuwa?"

"Ta hanya, ranka ya daɗe."

"Wannan baƙon da ne. Waɗannan fa?"

Korau ya ce, "Ta sama."

"Yauwa. Manyanmu kuma an sanar da mu cewa da jirage masu saukar ungulu za su zo, har da ni a ciki. To, wa zai taka gadar?"

"Mutanen Ƙetare, ranka ya daɗe."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ciyaman ya share hawaye da bakin hula ya ce, "Baba, maganar baƙi fa muke yi."

Nan take aka yanke shawarar da ta dace da zamani. Tunda ta sama za a kalli garin, ba a bukatar farar ƙasa a jikin duwatsu, rufin gidaje za a yi wa fenti. Masu rufin kwano a shafa musu shuɗi, masu rufin ciyawa a lulluɓe da leda mai launin kwano. Har an fara tattara takardu sai Sakatare ya yi gyaran murya, ya ce akwai matsala. In aka leƙo daga sama, wurin gadar nan zai fito kamar giɓi a bakin mutum, kuma ba daidai ba ne a bar baƙo ya ga asirin gida a ranar farko.

Ciyaman ya yi tunani, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. "A shimfiɗa gora tsakanin ginshiƙan, a jera katakon silin a kai, a shafa baƙin fenti, a ja farin layi a tsakiya. Daga sama wa zai gane? Kuma ga gwanin aikin nan zaune. Baba Heluma, duk ƙasar nan wa ya kai ka iya shirya hanya don idon baƙo?"

Korau ya so ya ce a'a. Ya tsara kalmar a ransa, ya ji nauyinta a harshe. Amma ya san in ya ƙi, wani sakarai za a ba, wanda ba zai damu ya gargaɗi kowa ba. Ban da haka, bakin da ya shekara talatin da huɗu yana cewa to ba ya koyon wata kalma a yini ɗaya.

"To, ranka ya daɗe. Sai dai a bar ni in datse bakinta da ƙaya ta kowane gefe, kada wani ya taka."

"Datse, amma ranar taro da safe a kwashe, kada ta ɓata hoto. Gadar nan ta masu zuwa ta sama ce. Mutanen ƙasa su bi yashi yadda suka saba."

Abin takaici shi ne Korau bai iya mugun aiki ba. Ya zaɓi gora miƙaƙƙiya, ya ɗaure da waya, ya jera silin baki da baki ba ko rata, ya sa aka yi fenti shafi biyu. Farin layin da hannunsa ya ja, ya tafi sambal har sai da ya kai saura ƙafa uku ga bakin gabas, nan layin ya ɗan karkace. Wannan karkacewar ta dame shi kwana biyu. Sa'an nan ya bi gida gida a Ƙetare yana faɗa cewa abin nan na kallo ne, ko akuya kada a bari ta hau. Ya gwada da kaza, ta haye lafiya, ya ce to iyakar nauyin da aka yarda ke nan.

Ciyaman kuwa bai zo ya gani ba. Hoton da aka ɗauka daga sama aka kai masa, ya yaba ƙwarai, ya shiga rediyo ya sanar cewa an kammala gadar Ƙetare kafin lokaci. Ya faɗa ran Asabar, ya maimaita ran Litinin, ya sake ran Alhamis, kowace rana gadar tana ƙara ƙarfi a bakinsa, har ta kai ga ɗaukar tirela.

Wata rana da yamma Tabawa ta dogara sanda ta fito ta tsaya a bakin rafi. Ta daɗe tana kallo.

"Ta yi kyau, Malam."

"Layin ya karkace a can ƙarshe."

"Ban gani ba. Abin da na gani shi ne shekara goma sha ɗaya kana roƙon gada, an ba ka hotonta, kuma kai aka sa ka zana."

Korau ya san gaskiyar magana in ya ji ta.

Ranar saukar baƙi Litinin ce. Ran Asabar da la'asar ruwan farko ya sauka, bai jira mako shidan sun cika ba, ya ƙara ran Lahadi, rafi ya kawo har ƙirji. Korau ya kalli ruwan ya tuna cewa kashegarin Litinin Talata ce.

Tun da hantsi jirage masu saukar ungulu suka riƙa sauke manya a faƙon Ƙetare, inda aka kafa rumfuna aka jera kujeru. Aka kwashe ƙayar bakin gada bisa umarni. Korau bai je rumfa ba. Ya tsaya a bakin gadar ta gefen unguwarsu, da jan ƙyalle ɗaure a sanda, jakar fatarsa a hammata, ko Allah zai sa wani babba ya tambayi abin da ke ciki.

Wajen sha biyu ya hango ƙura da laka suna tashi daga gari. Jif ɗin Ciyaman ce, a guje. Daga baya aka ji cewa kujerarsa ta jirgi an ba mai riƙe wa wani Minista lema, shi kuma ba zai yarda a fara taro a ƙasarsa ba shi ba. Korau ya ga motar ta rage gudu da ta doso rafi, alamar direban yana da hankali. Sai ya ga hannu mai faɗin hannun riga ya fito ta taga yana nuna gaba, gaba. Korau ya ɗaga jan ƙyallensa yana kaɗawa da iyakar ƙarfinsa yana ihu. Ciyaman ya leƙo, ya yi murmushi, ya ɗaga masa hannu shi ma, ya ɗauka maraba ake masa. Mutumin ya faɗi maganar gadar nan a rediyo sau da yawa har ya yarda da ita.

Motar ta yi ƙafa shida a kan gadar, abin da Korau ya ɗauka shaida ce ga ingancin ɗaurinsa. A ta bakwai gora ta ce ƙaras, silin ya buɗe, jif ta zauna cikin rafi da hankali kamar saniya mai shirin kwanciya. Ba wanda ya ji ciwo. Direba ya fito ta taga, Ciyaman ya rarrafa ya hau rufin motar, ankonsa shuɗi ya manne masa a jiki, hularsa kuwa ta bi ruwa ta nufi kudu.

A daidai wannan lokacin rana ta ɓace. Ba ƙara, ba iska, sai inuwa kawai da ta rufe faƙon da unguwar da rafin baki ɗaya. Korau ya ɗaga kai ya ga wani abu kamar ƙwarya a kife, ya fi kasuwar garin faɗi, tsaye cak a sama ba abin da ke riƙe da shi. A rumfa kuwa masu jawabi talatin da ɗaya, waɗanda suka yi mako uku suna faɗa a kan kujerun gaba, duk suna neman na baya. Ragunan nan goma sha biyu ne kaɗai suka tsaya a inda aka ajiye su, su ma don a ɗaure suke.

Wani haske mai laushi ya sauko kan rafin, ya ɗauki jif da Ciyaman a kanta da direba, ya ajiye su a gefen Ƙetare kusa da rumfa, kamar yadda ake ajiye ƙwai. Sa'an nan murya ta fito daga sama, da Hausa tsantsa irin ta masu karanta labarai.

"Sannunku da gida. Mun ga wannan ɓarna ta faru sanadiyyar zuwanmu. Za mu gyara."

Korau ya dafa ginshiƙi. Waɗannan halittu ne da suka ratso taurari, ƙafa ashirin da biyu me ce a wurinsu? Ya rufe ido, ya ga ƙarfe da siminti, ya ga Tabawa tana takawa a hankali da sandarta, ƙafarta a bushe, ƙyauren zaure yana nan a inda Allah ya ajiye shi. Hasken ya ratsa fatar idonsa ya wuce. Ya buɗe.

Gada ta dawo. Gora miƙaƙƙiya, ɗaurin waya, silin baki da baki, baƙin fenti shafi biyu. Farin layi ya tafi sambal, saura ƙafa uku ga bakin gabas ya ɗan karkace.

Muryar ta ce, "Mun mayar da ita daidai yadda muka same ta. Ba mu gane amfaninta ba, amma mun lura kun ba ta muhimmanci, mu kuwa ba ma raina al'adar mutane."

Da manya suka ga ba a kashe kowa ba, sai kowa ya koma kujerarsa yana gyara riga, yana cewa dama shi tashi ya yi don girmamawa. Aka fara jawabai. Kowane mai jawabi ya gaida duk wanda ya riga shi da duk wanda zai biyo shi, da muƙamansu. Baƙin ba su fito ba, ba su kuma katse kowa ba. Mato ya ce wannan kaɗai ya isa shaida cewa sun fi mu ci gaba. Sai bayan la'asar mai gabatarwa ya duba agogo ya ce baƙi suna da minti uku, a taƙaita.

Muryar ta ce, "Ba sai mun cika ukun ba. Tambaya ɗaya gare mu. Akwai abin da ke damunku da kuke so mu taimaka?"

Na'urorin ɗaukar hoto na duniya duka suna kallon rumfar. Manya suka shiga kallon juna, ba wanda yake so a ce a bakinsa aka ji cewa akwai matsala a ƙarƙashin mulkinsa. Korau kuwa ya riga ya taso daga bakin rafi, jakarsa a sama, yana kutsawa cikin jama'a yana cewa, "Akwai! Akwai!" Amma muryarsa ta tsoho ce, ga kuma makaɗa sun fara gwada ganguna, ba wanda ya ji. Wani jami'in tsaro ya sa masa hannu a ƙirji.

"Baba, ina za ka?"

"Ɗana, tambaya aka yi, ina da amsa. Kalma biyu ce: babu gada."

Jami'in ya duba takardar hannunsa sama da ƙasa. "Ba ka cikin jerin masu magana."

Kafin Korau ya sake buɗe baki, Ciyaman, a matsayinsa na mai masaukin baƙi, ya riga ya karɓi abin magana. Kansa ba hula, ruwa yana ɗiga daga gefen rigarsa, amma murmushin yana nan. Ya yi abin da aka koya wa kowane ɗan gari tun yana ƙarami ya yi in baƙo ya tambayi gida.

"Lafiya lau! Babu komai, sai godiya. Kun ga rufinmu da idonku, kun ga gadarmu, lafiyarta ƙalau. Ɗan abin da ya faru ɗazu gangancin direba ne, kuma za a hukunta shi."

Aka yi tafi mai tsawo, irin na mutanen da aka sauke wa kaya.

Muryar ta ce, "To, madalla. Mun yi farin ciki. Za mu sake biyowa ta nan bayan shekara dubu huɗu. Mun bar ku lafiya."

Inuwar ta ɗauke, rana ta dawo. Ko ragunan ba su ɗauka ba, kuma kamar yadda aka yi alkawari, ba a rasa masu ci ba.

Jirage masu saukar ungulu suka kwashe manyansu ɗaya bayan ɗaya. Aka naɗe rumfuna. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, rafin yana ta ƙaruwa. Korau ya koma bakin gada yana jawo ƙaya yana datsewa, a ransa yana tunanin inda ya ajiye abin cire ƙusa, da waɗanne maza huɗu zai roƙa gobe, da kuma abin da zai ce wa Tabawa ta yarda ta sake kwanciya a kan ƙyauren.

Sai ya ji mota ta tsaya a bayansa. Ciyaman ne ya fito, yana tafiya takalmansa suna kuka da ruwa.

"Baba Heluma! Ka ga yadda muka fita kunya ko? Har na sama sun shaida aikinmu. Daga yau kada in sake ganin takardar kokenka a ofis."

"Ba za ka gani ba, ranka ya daɗe."

"Yauwa." Ciyaman ya kalli ruwan, ya kalli hadarin, ya kalli gari can ƙetare inda gidansa yake, ya rage murya. "Direba ya ce wai zagayen nan na mil tara ba ya biyuwa yanzu. An ce kuna da wani ƙyaure da kuke ratsawa da mutane. Ka tara mini maza huɗu masu ƙarfi."

Korau ya jawo reshen ƙayar da ya ajiye, ya buɗe bakin gadar, ya matsa gefe cikin ladabi.

"Ƙyauren na masu matsala ne, ranka ya daɗe, kai kuwa ka ce babu. Ga gada nan, bismilla. Duniya biyu sun ji ka ce lafiyarta ƙalau."